Baba Hanci da Ramuka Arba'in da Ɗaya

Kafin a buɗe tagar sayar da tikiti, kafin motocin masu yawon buɗe ido su fara sauke mutane a bakin tsohuwar hasumiya, shi ya riga ya gama zagayensa. Da wani siririn ƙarfe mai lanƙwasasshen baki yake bin gindin ginin, yana zura shi cikin 'yan ramukan da maginan dauri suka bari a tsakanin duwatsu. Ya zaƙulo ƙasa, ya zaƙulo gidan zanzaro, wani lokaci har da ledar alewa da wani baƙo ya cusa. Ramuka arba'in da ɗaya ne, kuma shekara talatin da huɗu ke nan bai tsallake ko ɗaya ba. A takardar aiki mai shara ne. A bakin mutanen wurin kuwa Baba Hanci, domin duk wanda ya tambaye shi abin da yake yi, amsar ɗaya ce: "Hancin ginin nake sharewa. Ta nan yake fitar da ruwa."

Masu yi wa baƙi jagora sun haddace shekarar da aka aza harsashi kamar karatu, amma ka tambaye su amfanin ramukan nan sai su ce ado ne. Baƙi kuwa hoto ya kawo su. Sau da yawa wani zai yafito shi, ya roƙe shi ya ɗan matsa gefe kada ya ɓata hoton. Sai ya matsa.

Shekara uku da suka wuce aka turo injiniya da ma'aikatansa su gyara wurin. Suka shafe gindin hasumiyar da siminti sumul, ramuka duk suka ɓace. Baba Hanci ya tari injiniyan a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ruwan da zai shiga ta sama, ta ina zai fita?"

"Baba, ai saman ma mun toshe. Kai dai riƙe tsintsiyarka."

Damina ta sauka. Cikin mako uku bango ya fara gumi ta ciki, matakala ta tsage har yatsa na shiga. Ofis ya ce tsufa ne, in tsagar ta ƙaru zuwa ƙarshen wata za a rufe wurin, a rushe rabin hasumiyar na sama. Sau uku Baba Hanci yana zuwa ofishin, sau uku yana ɗumama benci ana ce masa oga yana taro. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Matarsa ta ce, "Malam, saura kaɗan ka yi ritaya. A kan dutse za ka ja a kore ka?"

Ya ce, "In aka sare kan ginin nan ina tsaye da tsintsiya, da wane ido zan bi ta titin?"

Washegari da hantsi, baƙi cike da fili, ya fito da guduma da ƙatuwar ƙusa. Matar da ke sayar da tikiti, wadda ta ba ni wannan labari, ta leƙo ta taga.

"Baba, aikinka fa."

"Na sani, 'yata. Riƙe min hulata."

Babu wata alama a jikin simintin. Ya auna taki huɗu daga ƙofa, ya ɗora tafin hannu biyu daga ƙasa, ya kafa ƙusa. A bugu na biyar wani baƙin ruwa mai wari ya tsarto, ya jiƙa masa wando har gwiwa. Baƙi suka ja da baya suna toshe hanci. Aka kira injiniya a waya, ya iso yana huci, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya faɗa kan ruwan da ke malala har bakin titi. Ya juyo wurin tsohon.

"Saura nawa, Baba?"

"Arba'in."

Injiniya ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya karɓi gudumar. Baba na nunawa, shi yana bugawa, har la'asar, kuma ko sau ɗaya yatsan tsohon bai nuna wurin da ba rami ba. Tsagar ba ta ƙara ko kaurin zare ba. Ofis dai bai fasa ba shi takardar gargaɗi ba, wai ya ɓata aikin gyara. Tana nan a akwatin matarsa, tare da takardun haihuwar yara.

Kai ne, Baba, ka tsayar da hasumiyar nan da kanta a wuyanta. Allon da aka kafa a ƙofa yana ɗauke da sunayen waɗanda suka yi gyara, naka ba ya ciki, kuma ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Ni kam abin yana yi min ciwo, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Gwarzon gindin bango, mai kunnen jin kukan dutse, kai ne ka zaɓi a kore ka da rana tsaka a kan ka yi shiru.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Ranar Litinin injiniyan ya zo da kansa ya roƙi siririn ƙarfen nan, ya ce zai sa a rubuta sharar ramukan cikin aikin duk wanda za a ɗauka. Baba ya ce ba zai bayar ba sai ya zagaya da injiniyan ya nuna masa ramukan. Rami na ƙarshe yana bayan matakala, ba ya samuwa sai an durƙusa. Injiniya ya dubi gogaggen wandonsa, ya dubi tsohon, ya durƙusa.

Mun gode, Baba Hanci. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya sa ka ci moriyar guminka cikin lafiya. Mu kuma kowa ya duba inda yake aiki, akwai wani ɗan rami da aka bar masa, ya share shi ko ba mai kallo. In kuwa wata rana kun je ganin tsohon gini, kuka tarar da mutum durƙushe a gindinsa da ƙarfe a hannu, kada ku ce ya matsa gefe. Ku ɗauki hoton da shi.