Lukuman Tura-Gaba

Ku matso ku ji labarin Lukuman, wanda mu mutanen Gwandu muka sa wa Tura-Gaba. Ɗan Kalgo ne. Ya taɓa riƙe wa wani mai aikin famfo jaka a Sakkwato, ko rani guda bai cika ba, ya dawo da fensir a kunne wai shi ƙwararre. Ƙwararre a me, oho.

Da aka binne bututun siminti a layinmu cikin shekarun tamanin, don ruwan wanke-wanke ya daina kwana a ƙofar gidaje, shi aka damƙa wa yashe shi. Layin kuwa gangara ne. Gidansa ne na can ƙasa, kuma ta gindin rumbunsa bututun ya bi kafin ya faɗa kwari. Cimar gidansa kaf tana cikin rumbun nan.

To kun san matanmu, da toka da yashi suke goge tukunya. Ga ƙaiƙayin shinkafa, duk cikin bututun suke ƙarewa. In layya ta zo a wanke tumbi, a tuttular da ruwan kitse, ya daskare a ciki ya haɗe su kamar kwaɓin gini. Mai aikin kirki murfi yake ɗagawa ya kwaso. Shi gogan ƙyama yake ji. Sai ya zura doguwar gora ya yi ta dannawa har toshiyar ta matsa gidan gaba, ya kakkaɓe hannu.

Inna Delu mai waina ta taɓa tare shi. "Kai ɗan nan, abin ga da kaka turawa, ina shika zuwa?"

"Inna, ilimi ne, ba ki ganewa."

"To, Allah shi ba ilimi sa'a."

Matarsa Kubura ma ta ce, "Malam, gindin rumbu fa na tsattsafo."

Ya ce raɓa ce. Da rani tsaka, ku ji fa.

Wata shekara da layya ta faɗo cikin damina, aka tafka ruwa bayan Sallah. Duk abin da ya tura shekara da shekaru ashe yana nan jibge a ƙarƙashin gidansa. Bututu ya fashe, rumbu ya zauna dirshan, gero ya kwanta cikin baƙin ruwa mai warin tumbi. Ko kaji ba su kula shi ba.

Har kaka dangin Kubura ne suka ciyar da gidan. Shi ko ya bi layi yana cewa laifin mata ne da tokarsu, fensir ɗinsa na nan a kunne.