Kwana Ɗaya a Kado

Litinin: Zariya zuwa Utako

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gidanmu a Tudun Wada. Shekarata uku da gama bautar ƙasa ba aiki. Wata gidauniya da 'yan kasuwar kifi ta Kado da ke Abuja suka kafa ta ce za ta koya wa matasa gyaran firji, ta kuma ba su aiki a kasuwar. Na cike fam ta waya, aka kira ni ganawa.

Mota ba ta cika ba sai bakwai saura. Tafiyar, in ban yi kuskure ba, kilomita ɗari biyu da sittin ce ko kusa da haka. An tsayar da mu sau biyu, a bayan Kaduna da kuma Tafa. Direba ya ga fayil ɗin da na rungume, ya ce, "Digiri ne? Wanda ya yi mana lodi a tasha ma yana da irinsa." Ban tabbata wasa yake yi ba.

Mun shiga tashar Utako a Abuja sha biyu da rabi, na hau tasi zuwa Kado.

Kado

Na sauka wurin Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da tarwaɗa. Bayan na ci shinkafa da kifi, na nuna masa layin da ke damuna a cikin saƙon da gidauniyar ta turo mini: mazauna Kado kawai za a ɗauka.

"Ka ce a wurina kake," in ji shi. "Kowa haka yake yi. Ni zan tsaya maka."

Talata: ofishin gidauniya

Ɗaki ɗaya ne a saman wani shago. Ƙarfe tara na isa, na tarar da layi har matakala, kusan kowa da fayil irin nawa. Sha ɗaya da minti goma na shiga wurin shugabar, Madam Rifkatu, mutuniyar Filato.

"Oga mai digiri, ina kana zama?"

"Wurin kawuna, nan kasuwa." Ta fara rubutawa. Sai na ji na ƙara, "Wato tun jiya."

Ta ajiye biro. "Tun jiya." Ba ta yi fushi ba. Ta ce masu kifi ne suke riƙe da wurin, kuma 'ya'yan unguwar suka ce a fara da su. Ta soke sunana.

"A unguwarku babu ƙungiya?"

"Ina jin akwai ta masu gyaran janareto, amma..."

"Amma ba Abuja ba ne," ta ƙarasa mini. Ta rubuta musu 'yar takarda, ta buga hatimi.

Da na gaya wa Kawu, ya ci gaba da kankare kifinsa. "Kalma uku ka ƙara, ka zubar da aiki. Ka gaida Yaya."

Komawa

Mun tashi daga Utako ƙarfe ɗaya, na isa gida ana kiran magariba. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya karanta takardar sau biyu. Ya ce shugaban ƙungiyar nan sahu ɗaya suke sallah tun ina firamare, ni ne dai ban taɓa tambaya ba. Ya ce in shirya gobe bayan asuba mu je wurinsa, kuma in bar fayil ɗin a gida.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da Kawu Sale da ya ba ni masauki, da Madam Rifkatu.