Ranar da Kaka Ta So Taɓa Hoton Kasuwa

Malamar tarihinmu ta ce ba zan bi ajinmu gidan tarihi a Manhattan ba sai da babba daga gida, kuma in na ƙara yin abin magana ko ɗaya, za ta sa a cire ni daga ƙungiyar ƙwallon makaranta. Laifina bai taka kara ya karya ba. Kwaikwayon tafiyar shugaban makaranta na yi, ban san yana bayana ba.

Umma na aiki a asibiti, Abba na kan hanya da motarsa. Sai Kaka, wadda ba ta daɗe da zuwa daga Kano ba, kuma Turancinta bai wuce gaisuwa ba. Tun daga bas ɗin unguwarmu Park Hill har jirgin ruwan da ke tsallakar da mu Manhattan tana riƙe da rigata kamar ta kama ɓarawo.

A wani ɗaki aka tsayar da mu gaban wani tsohon hoto da wani Bature ya zana a tsibiran Karebiyan lokacin mulkin mallaka. Kasuwa ce. Mata sun ɗaura kallabi mai tsayin da zai tsokane hadari, wata ta baje yadi tana sayarwa, wata ba takalmi, da kwando a ka. A ƙasa an ja layi, wanda ya haura ƙararrawa ta tona masa asiri.

Na raɗa wa Kaka cewa kakannin matan nan daga nahiyarmu aka kwashe su bayi. Sai ta matsa gaba.

"Maigida, wannan yadin kamar saƙin gida," ta ce. "Bari in ji ko yana zuba."

"Kaka, fenti ne."

"Kai ma fenti ne."

Sai na ga ta lasa yatsa. Duk wanda ya taɓa raka ta kasuwar Kwari ya san abin da ke biyo baya: a murza yadi da yawu, a duba ko rini ya fita. Malama na can tana bayani, wata mai gadi ta zuba mana ido. In na yi ihu na shiga uku, in na fizge hannun tsohuwa a bainar jama'a Abba ya ji, na shiga tara.

Na yi tsalle na shiga tsakaninta da hoton. Ƙafata ta haura layi, ƙararrawa ta ɗauka.

Malama ta iso fuska a murtuke. Ina jira Kaka ta wanke ni, sai ta kama kunnena, yadda ake yi gaban malamai a gida.

"Malama, ki ƙara masa. Tun yana goye ba ya jin magana."

"Me ta ce?" Malama ta tambaye ni da Turanci.

Na ce, "Ta ce jikanta ya ceci hoton."

Malama ba ta yarda ba ko kaɗan. Ta juya wajen mai gadin. Matar ta dube ni, ta dubi yatsan Kaka da har yanzu yake sheƙi, ta danne dariya, ta ce gaskiya ne, tsohuwar ce ta nufi hoton, yaron ya tare.

Ba a cire ni daga ƙwallo ba. Malama dai ta ce nan gaba in zo ni kaɗai.

A jirgin komawa Kaka ta daɗe tana kallon ruwa. Can ta ce, "Waccan mai kwandon, ko takalmi ba su saya mata ba." Sannan ta ƙara riƙe rigata.