Butar Surukina

Ranar Alhamis ta ƙarshe a watan Disamba, shekara biyu kafin Faransawa su tafi, da ƙarfe huɗu na yamma, muna zaune mu tara a wani lambu kusa da garin Cirozerin: ni, kawuna, dattijon da nake neman auren 'yarsa, da danginsa shida. A lokacin ba a san Arlit ba, inda nake rubuta wannan a yau. An taru ne domin sunan jikan dattijon, kuma a ranar zai ba kawuna amsa.

Na yi karatu wajen fada-fada, limaman mishan, a Damagaram, inda aka koya mini cewa kwano mai baƙi abin kunya ne. Tun da hantsi na hangi butar shayin dattijon, cikinta baƙi ƙirin. Don in nuna tarbiyya, na faki ido na kai ta bakin rijiya, na goge ta da yashi da sabulu har ta yi ƙyalli. Ban san cewa baƙin nan na shekara ashirin shi ne ɗanɗanon shayin ba.

Ana tsananin sanyi. Mata suka kawo fura mai cuku da dabino, aka sha da ludayi, haƙora na kaɗawa, kowa na jiran shayi. Dattijo ya fasa dunƙulen sukari, ya ɗaga buta sama ya zuba, kumfa ta tashi fiye da kima. Ya kurɓa. Ya buɗe murfin, ya daɗe yana leƙawa.

"Wa ya yi wa butata wankan gawa?"

"Ni ne, Baba," na ce. "Tsabta ce."

"Madalla, Mushe, yaron Faransawa. Raƙumina ma baƙi ne. Sabulun ya ƙare?"

Aka fashe da dariya, kawuna ya rufe fuska da rawani. Dattijo ya yanke cewa za a ɗaura aure ranar da buta ta koma yadda take a da.

Har yau ina ganin cewa sabulu bai yi laifi ba. Amma na bi hukunci. Kowace Juma'a nakan kai ganyen shayi in leƙa cikin buta. Daga baya na ji cewa 'yarsa da mahaifiyarta suna tafasa tsohon ganye a ciki duk lokacin da ya fita ban-ruwa.

Buta ta yi baƙi a wata na goma sha ɗaya. Aka ɗaura aure. Har ya rasu bai bar ni in ƙara taɓa ta ba.