Bangon da Awakin Inna Ke Lasa

Shekarar da na fara koyarwa a Kankara, kaina ya yi girma har hula ba ta zama. Da hutu na je gida Ketare, na tarar Inna, mahaifiyata, ta tafi Daudawa zaman jegon ƙanwata. Ta bar wa matar yayana awakinta, da 'ya'yansu huɗu da ba a daɗe da yayewa ba. Su ne duk abin da ta mallaka.

Bangon ƙasa da ke bayan turkensu ya dame ni. Awakin sun lashe gindinsa har ya yi rami, ga shi duk wanda ya shigo daga zaure da shi zai fara cin karo. Abokan aikina kuma sun ce za su zo gaishe ni. Na kira magini, aka shafe shi da siminti sumul. Matar yayana ta ce, “Malam, da ka bari Inna ta dawo.” Na ce mata gyara ba ya jiran kowa.

Ba a yi sati uku ba 'yan awakin suka sauya. Gashinsu ya tashi, suka rame, suka koma taunar igiya da tsumma da duk ledar da iska ta kawo. Na ce tsutsar ciki ce, na sayo magani na ɗura musu. Da bai yi ba, na ɗora wa matar yayana laifi, wai ba ta ba su dusa. Har da ɗaga mata murya na yi.

Ƙaramar cikinsu ta kwanta, cikinta ya kumbura. Muka yanka ta kafin ta mutu, muka sami tumbinta cunkushe da leda.

Kwana biyu bayan haka Inna ta dawo. Ta ƙirga 'yan awakin ta ga uku, ta shafa simintin da tafin hannu.

“Halan ba a gaya maka ba? Jar kanwa da gishiri nike kwaɓawa da ƙasa in yaɓa a nan duk rani. In ƙanana ba su lasa ba, ƙashinsu bai ƙwari, sai su bi shara.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shekara ashirin ina wuce bangon nan, ban taɓa tambayar abin da ake lasa ba.

Da maƙwabta suka shigo yi mata sannu da zuwa, ta nuna musu bangon, ta ce ɗanta ya yi mata gyara, suka yi ta sa mini albarka. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar na same ta durƙushe tana kwaɓa ƙasa da kanwa a fasasshen kasko, ukun da suka rage suna tura baki. Na naɗe hannun riga na tsuguna.

“Bari, Malam,” in ji ta, “kar ka ɓata hannunka.”

Ba ta taɓa ce mini Malam ba sai ranar.