Ganye Biyar a Tafin Kaka

Shekaranjiya na yanka ganyen wake don in nuna wa ɗalibaina cikinsa a madubin ƙara girma, a makarantarmu ta Ƙanƙara. Ƙamshin ɗanyen ganyen nan ya mayar da ni Daudawa, gayaunar kakata.

Gayaunar 'yar gona ce a bayan gida, wake da rama da yakuwa. Can take wuni da damina. Ita ta fara ɓare mini ganye da farce, ta ɗaga siririyar fatarsa. Sama kore shar, a cushe. Ƙasa fari-fari, da laushi. Ta ce ta nan ƙasan yake numfashi, jijiyoyin kuma su ke kai masa ruwa. Na yi ta dariya, ina cewa tsohuwa ta fara ruɗewa.

Shekarar da idonta ya rufe, Baba ya ce ta haƙura da gayaunar, kar ta tuge shuka a zaton ciyawa. Kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba. A na uku ta aika aka kira shi.

"Tsinko mani ganye biyar. In na kuskure ɗaya, ka amshe gonar."

Ya tsinko. Ta shafa na farko ta ce ciyawa ce, jijiyarta a miƙe take. Na biyu wake, jijiyarsa kamar raga. Ta faɗi gyaɗa, ta faɗi auduga. Na biyar ta daɗe tana juya shi.

"Yakuwa," in ji ta.

Rama ce, ina gani da idona. Na buɗe baki, Baba ya dube ni, na rufe.

"Haka ne, Inna. Gonarki ce," ya ce.

Daga ranar, kullum bayan sallar asuba sai ya zagaya ya sake dasa abin da ta tuge, kafin ta fito da sandarta. Haka suka yi har ta koma ga Allah.

Yau an yi gini a wurin, ganye kuma sai a kasuwa. Ni ce ke zana ƙofofin numfashinsa a allo, ina jan jar biro a kan wanda ya kuskure. Ina kewarta ƙwarai. Amma abin da ke sa ni hawaye, ban taɓa gode wa Baba a kan ƙaryar nan ba, ga shi yanzu shi ma babu shi.