Ranar da Abokina Ya Daina Musu

Ko tsufa ya zo ya kwashe duk abin da na ajiye a kai, akwai yini guda da na san ba zai iya ɗauka ba. Shi ne yinin da abokina ya ce mini "na yarda", muna cikin mota a dajin da ke tsakanin Dannet da Arlit. Magana ce da kowane mai gardama yake mafarkin ji daga bakin abokin musunsa. Ni kuwa da na ji ta, tsoro ne ya kama ni, kuma har yau in na tuna sai ya dawo mini.

A lokacin ina aikin walda a wani gareji a Arlit, ban daɗe da barowa Damagaram ba. Muna da fada, wato majalisar hira da shan shayi, a wata rumfa kusa da shagon mai tura fina-finai a waya. Da an sallame la'asar sai a ɗora shayi, kowa ya kawo labarin abin da ya kalla. Al'adarmu ita ce a ba kowane fim maki bisa ashirin, yadda malamai suke yi mana a lakkwal, wato makarantar boko. Doka ɗaya ce tak: ba a ba da ashirin, tunda mu ma ba malamin da ya taɓa ba mu. Fim ɗin faɗa na 'yan Sin, na yaƙi na Amurka, na aljanu, na barkwancin Kano, har dogayen nan na Turkiyya da ba sa ƙarewa, duk sun sha maki a rumfar nan, masu su ba su ma san muna yi ba.

Abokin nawa mutumin Adar ne, yana tuƙa babbar mota a wurin haƙar ma'adinai. Ƙato ne, in ya zauna a benci sai an roƙe shi ya matsa. Amma fim ɗin soyayya na Indiya yake so, kuma kuka yake yi, ya ce wai hayaƙin gawayi ne. Ni kuwa in ba a yi harbi ba, ba a fasa mota ba, ban ga abin kallo ba. Tun da muka haɗu ba mu taɓa ba fim guda maki ɗaya ba. In na ce sha biyar zai ce shida, in na sauko shida don in kama shi sai ya ce ai ya sake tunani, sha biyar ɗin ne. Akwai wani tsohon fim na wani tela da ya zauna yana ɗinka rigar auren yarinyar da yake so, alhali wani za ta aura. Wannan ya ba sha tara, kuma ba a taɓa masa shi. Ni bakwai na ba shi, bakwai ɗin ma don kiɗan ne.

Ana saura kwanaki kaɗan Babbar Salla muka shirya zuwa wajen makiyaya ta gefen Dannet mu zaɓo raguna. Wani dattijo Ba'abzine mai tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai shiga rairayi, shi ya ɗauke mu. Mun fita da sassafe, mun samu raguna biyu masu kyau, mun sha nonon raƙumi, mun ɗaure dabbobinmu a baya mun juyo. Rana ta take sosai lokacin da muka zo tsallake wani busasshen kwari, sai ƙafar baya ta nutse.

Dattijon ya leƙa ya ce, "Mota ya zauna. Ku kawo duwatsu, a sa masa a ƙasa."

Muka bazu. Ina can ina fama da wani dutse sai na ji abokina ya yi wata ƙara da ban taɓa ji a bakin namiji ba. Da na waiga na gan shi tsaye riƙe da hannun dama, ga wani abu launin ƙasa yana jan jiki a karkace yana shigewa ƙarƙashin dutse. Dattijon ya kalli sawun, ya kalli hannun. Ya gyara rawaninsa ya rufe baki. Wannan ya fi kowace magana tsorata ni.

Ban san lokacin da na zaro wuƙa daga aljihu ba. A duk fina-finan da nake so haka ake yi: a tsaga wurin, a tsotse dafin, a tofar, jarumi ya miƙe ya ci gaba da harbi. Na kama hannunsa.

Ya fizge ya ce, "Kai Badamagare, mi za ka yi? Ba fim ɗin da aka yi haka ne na ba huɗu ba? Na ce maka ƙarya ta, yanzu kuma kaina za ka gwada ta?"

Dattijon ma ya ce, "Aje wuƙa nan. Cire masa zobe da agogo, hannu zai kumbura. Kar ya motsa shi. Likita kawai."

Na ajiye wuƙa, kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ni. Muka zaunar da shi a 'yar inuwar motar, muka rataye hannun da rawani. Na ɗaga waya sama ina juyawa, babu rezo ko ɗigo. Ga mota a nutse, ga wanda ya fi mu ƙarfi a zaune, saura ni da tsoho. Da hannu muka yi ta yasar rairayi. Kowane dutse zan ɗaga sai na fara shurinsa da ƙafa. Mu tura, ta ƙara nutsewa, mu koma haƙa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san inuwa ta tashi daga wannan gefen motar ta koma wancan kafin ta fito.

Kafin nan hannun ya kumbura har gwiwa, yana sheƙi. Ya yi amai sau da yawa. Muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyata, dattijon ya ja mota. Da ya buɗe baki zai nemi ruwa na ga jini a dasashinsa. Ban gaya masa ba.

Dattijon ya kalle ni ta madubi ya ce, "Yi masa magana. Kar ka bar shi ya yi barci."

Na fara da addu'a, yana bina a hankali, can sai ya daina. Na ce bari in tambaye shi iyali, ko ransa zai yi ƙarfi. Ashe kuskure na yi. Sai ya soma cewa, "In ban kai ba, ka kai ɗiyana garinmu Tawa wurin tsohuwa. Ragon ga kuma a yanka musu shi, kar a sayar." Murya ƙasa-ƙasa, ido a lumshe, kamar mai shirin tafiya ya gama ɗaure kaya. Na ji hawaye yana zuwa mini, na san kuma in ya ga ina kuka shi ke nan, zai saki jiki.

Ban san daga ina abin ya zo mini ba. Na ji bakina yana cewa, "Kai, bar zancen nan. Fim ɗin jiya na ɗan Sin ɗin nan mai faɗa da tsintsiya, sha bakwai na ba shi."

Ido ɗaya ya buɗe. "Sha bakwai? Mutum guda shi kashe gari guda da tsintsiya? Biyar. Biyar ɗin ma don tsintsiyar na da kyau."

Wallahi ban taɓa jin daɗin rashin kunya kamar wannan ba. Na gyara zama na shiga zuba masa. Na ce fim ɗin aljanar nan ta cikin rijiya sha shida ne, ya ce wace aljana ce mai jan baki, uku. Na ce barkwancin Kano ɗin da ya yi ta dariya a kai har ya zubar da shayi, biyu ya dace da shi, ya ce ni dama ban san dariya ba, fuskata kamar ƙarfen da nake walda, sha huɗu. Na taɓo na Turkiyya, na ce ɓata lokaci ne, ya ce wanda bai da haƙuri ba ya gane sarauta. Mota tana ta tsalle a kan duwatsu, raguna suna kuka a baya, ni kuma ina ta laluben fina-finai a kaina, duk wanda na san zai ɓata masa rai shi nake jawowa. Dattijon bai taɓa kallon ko ɗaya daga ciki ba, amma sai in ji ya ce, "Ƙara masa, ƙara masa."

Sai dai amsoshin suka soma gajarta. Da yana kawo dalili, ya koma faɗin maki kawai. "Takwas." Can kuma, "Shida." Goshinsa ya yi sanyi duk da zafin da ake yi, leɓɓansa suka yi fari. Na jawo babban makamina, wani fim ɗin yaƙi da muka shekara muna faɗa a kansa, wanda har ya taɓa sa ya tashi ya bar fada da kofin shayinsa a hannu. Na ce, "Fim ɗin sojojin nan na kan gada, sha takwas ne, ko ka so ko ka ƙi."

Sai ya ce a hankali, "Na yarda. Ka yi gaskiya."

Jama'a, na taɓa ganin gobara a gareji, na taɓa kwana a hannun 'yan fashi a hanya, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Mutumin da ko sunan rana ka faɗa sai ya ce ba ita ba ce, yau shi ne yake ce mini na yi gaskiya. Na san ba shi ne ya yi magana ba, gajiya ce, kuma irin gajiyar da ba a tashi daga gare ta. Na girgiza shi, na kira shi, kansa ya langaɓe a cinyata. Na ce, "Baba, taka mota!" Ya ce, "Ina takawa, ɗana, ba shi da sauran gudu."

Abu ɗaya ya rage mini, wanda ko a fada ba a yi. Na sunkuya na kai bakina kunnensa na ce da ƙarfi, "Telan nan naka, zero na ba shi. Sakarai ne. Namiji ya zauna yana ɗinka wa wani ƙato rigar amarya yana sharar hawaye? Zero bisa ashirin, kuma bakwai ɗin da na ba shi da, na karɓe abina."

Ba motsi. Ina kallon ƙirjinsa, ban iya tantance ko numfashi ne ko girgizar mota ce ba. Na maimaita, na ƙara da cewa waƙoƙin ma kamar kukan ragunan da ke bayanmu. A lokacin kuka nake yi sosai, majina da hawaye, ina zagin wani tela da bai taɓa rayuwa ba.

Can sai na ga girarsa ta haɗe. Leɓɓansa suka motsa. Na kara kunne.

"Mi... kac ce?"

"Zero na ce!"

"Ba ka da... zucciya," in ji shi. "Sha tara."

Na ce zero. Ya ce sha tara. Na ce to, ɗaya. Ya ce Allah shi isam ma tela. Haka muka yi ta yi, ni da kuka shi da nishi, har na hango tsibin ƙasar ma'adinan nan da ke tsaye kamar duwatsu a bayan gari. Kullum ina ganinsu ina tsaki, ran nan kuwa ban taɓa ganin abin da ya kai su kyau ba.

A asibiti aka karɓe shi da gudu, Allah ya sa akwai maganin dafi. Ma'aikaciyar da ta fito daga baya ta ce da mun ƙara jimawa da labari ya sha bamban. Ya yi jinya mai tsawo, a gadon asibiti ya ci naman ragonsa, kuma har yau ɗan yatsansa guda ba ya lanƙwasuwa. Ranar da aka fara barin mu shiga wurinsa na tafi da zuciya cike, na shirya kalmomi masu daɗi, ina jiran ya rungume ni. Na yi masa sannu, ya kalle ni sama da ƙasa, ya kau da kai.

"Zero ka ba tela," ya ce. "Ina ji. Kar ka ce ban ji ba."

Na ce ai don in ceci ransa ne. Ya ce ceton rai daban, cin mutunci daban, kuma maganar gada da aka ce ya yarda, shi bai san an yi ba, dafi ne ya yi magana, huɗu ya ba ta tun farko kuma huɗu take. Na zauna a bakin gadon na yi dariya har na koma kuka, shi kuma yana ta faɗa.

Shekaru sun wuce, aiki ya ja baya a garin, 'yan fadarmu da yawa sun watse. Ya koma Tawa, ni ina nan. Amma duk wanda ya kalli sabon abu sai ya kira ɗan'uwansa, kuma ba mu taɓa daidaitawa ba. Da can ina ɗaukar hirar fadar nan zaman banza ne, abin kashe lokaci kafin magariba. Yinin nan ya koya mini cewa mutum ba da manyan abubuwa kaɗai yake riƙe da duniya ba, wani lokaci ɗan abin da kake raina masa shi ne igiyar da za ka jawo shi da ita. Ya kuma koya mini in daina neman a yarda da ni. In mai gardama ya yi maka musu, gode wa Allah, lafiyarsa ƙalau. Ranar da ya ce maka "na yarda" ba tare da ya ja ba, kada ka yi murna, matsa kusa ka duba fuskarsa.